Yadda ake tantance gwarazan zari-ruga na 'yan goma sha uku a wannan zamani

Tambaya: Malam, kwanan nan na fara kallon zari-ruga irin na mutum 13, wato gasar NRL ta Ostareliya da Super League ta Ingila. Kullum ana musu a kan wanda ya fi kowa a 'yan shekarun nan. Wasu su ce Cameron Smith, wasu su ce Johnathan Thurston, yaran yanzu kuma su ce Nathan Cleary. Da wane ma'auni ake auna su, kuma su wa za ka zaɓa?

Amsa: A taƙaice, Smith ne na ɗaya, Thurston na biye da shi, shi kuwa Cleary ba a rufe littafinsa ba tukuna. Amma sunayen ba za su amfane ka ba sai ka san yadda aka kai gare su, don haka bari mu bi ta hanyar.

Abu na farko, a yanke wa "zamani" iyaka, in ba haka ba musun ba zai ƙare ba. Ni na ɗauki shekara ashirin, daga 2005 zuwa 2025. Wannan iyakar ta fitar da Andrew Johns, domin ganiyarsa ta riga ta wuce, ya kuma ajiye wasa a 2007. Darren Lockyer ya shigo da rabin jiki, tunda ya kai 2011 yana bugawa, amma rabin aikinsa yana can baya. Duk wanda ya faɗaɗa iyakar zuwa 1995, dole Johns ya hau saman jerin ko kusa da shi.

Abu na biyu, ka san abin da wasan yake nema daga ɗan wasa. Ƙungiyar da ke da ƙwallo tana da kamu shida kafin ta miƙa wa abokan hamayya. Duk lokacin da aka kama mutum aka kayar, zai tashi ya mirgina ƙwallon baya da ƙafarsa, masu tsaro kuma su ja da baya mita 10. Dangwala ƙwallo a bayan layi maki 4 ne, bugun ƙari maki 2, bugun da ake sakin ƙwallo ta taɓa ƙasa a ɗauke ta da ƙafa maki 1, sai dai tun 2021 a NRL idan an buga shi daga mita 40 ko fiye yana zama maki 2. A cikin mutum 13 ɗin nan, huɗu ne ke riƙe da akalar wasa: lamba 1 mai tsaron baya, lamba 6 da lamba 7 masu tsara hari da bugu, sai lamba 9 wanda ke ɗaukar ƙwallo a bayan wanda aka kayar. Su ake kira ƙashin bayan ƙungiya. Lamba 9 kan taɓa ƙwallo fiye da sau ɗari a wasa ɗaya, alhali ɗan gefe, lamba 2 ko 5, in ya taɓa sau ashirin ya yi aiki. Saboda haka kwatanta ɗan gefe da lamba 9 kai tsaye kamar kwatanta gola da ɗan gaba ne a ƙwallon ƙafa. Ana fara auna kowa da takwarorinsa na gurbi ɗaya, sannan a tambaya wane gurbi ne ya fi juya sakamakon wasa.

A nan mafi yawan masu zaɓe suke tuntuɓe, domin alƙaluma suna da daɗin karantawa kuma suna yaudara. Ɗauki yawan dangwale. Alex Johnston na South Sydney ya yi 30 a 2021, ya sake yin 30 a 2022, ya kuma haura 200 a rayuwar wasansa. Gwani ne wajen ƙarasa aiki, babu ja. Amma da yawa daga cikinsu an gama dafa su ne a hannun Cody Walker da sauran 'yan ɓangaren hagu kafin ƙwallon ta iso shi. Haka nan lissafin wanda ya ba da ƙwallon da aka dangwala: mai miƙawar ƙarshe kaɗai ake rubuta wa, a manta da wanda ya jawo masu tsaro biyu ya buɗe ƙofar tun da farko.

Yawan mita da ɗan wasa ya ci da gudu ma sai an tace shi. Lamba 1 da 'yan gefe suna kama ƙwallon da aka bugo, su yi gudun mita 15 ko 20 babu wanda ya taɓa su, duk a rubuta musu. Lamba 8 ko 10 kuwa, wato ƙaton gaba, yana afka wa mutum uku da ke jiransa a tsaye. Abin dubawa shi ne mitocin da ya ƙara bayan an fara taɓa shi, da kuma saurin tashinsa ya mirgina ƙwallo. Bambancin daƙiƙa uku da daƙiƙa huɗu a wannan mirginawa shi ne bambancin layin tsaro da ya gama shiri da wanda yake ja da baya har yanzu. Yawan kamu kuma gurbi ne yake ba da shi: lamba 9 da lamba 13 suna tsakiya inda ake yawan bi, don haka kamu 40 ko fiye ba abin mamaki ba ne a wurinsu. Lamba 3 ko 4, wanda ke kusa da ɗan gefe, zai iya yin kamu 12 kacal, amma kuskuren shawara ɗaya, ya fito da wuri ko ya makara, shi ne maki 6. Wannan ba ya fitowa a takardar alƙaluma ko kaɗan.

Sai kuma dokoki, waɗanda suka canza sosai a cikin shekarun nan ashirin. Sauyin 'yan wasa a NRL ya sauko daga 12 zuwa 10 a 2008, ya koma 8 a 2016, wanda ya sa ƙattin gaba masu iya jure minti 60 suka ƙara daraja. A 2010 aka daina ɗaukar taɓa sandar kusurwa a matsayin fita waje, shi ya sa 'yan gefe suka fara yin tsallen nan na ban mamaki suna dangwala ƙwallo jikinsu na sama a waje. An haramta bangaza da kafaɗa daga kakar 2013. A 2020 aka kawo dokar sake ƙirga kamu shida nan take idan masu tsaro suka yi laifi wajen riƙe wanda aka kayar, wasa ya ƙara sauri, masu tsaro suka riƙa gajiya. A 2021 abin ya yi yawa har aka riƙa cin ƙungiyoyi da tazara mai faɗi. A wannan shekarar Tom Trbojevic ya yi dangwale 28 a wasa 18. Kaka ce da ba a cika ganin irinta ba, amma duk wanda zai ajiye ta kusa da alƙaluman 2008, ya tuna ba ƙasa ɗaya aka noma ba.

Lambobin yabo fa? Suna taimakawa in ka san yadda ake bayar da su. Dally M, babbar lambar NRL, ana tara ta ne da maki 3, 2, 1 da alƙalan zaɓe ke rabawa bayan kowane wasa, kuma wasannin zagayen ƙarshe ba sa ciki. Illarta biyu ce. Ƙungiya mai taurari da yawa, 'yan wasanta suna cinye wa juna maki. Sannan idon mai zaɓe yana bin ƙwallo, shi ya sa kusan kullum 'yan ƙashin baya ke ɗauka. Jason Taumalolo, da ya raba ta da Cooper Cronk a 2016, ya zama abin magana ne saboda ƙaton gaba ba ya cika kaiwa nan. Har ƙarshen 2025 Cleary bai taɓa cin Dally M ba, alhali Ben Barba ya ci a 2012. Babu mai hankalin da zai ɗora Barba a kan Cleary saboda haka. Takalmin Zinare, lambar gwarzon ɗan wasan duniya na shekara, shi ma ya canza ma'ana: da ana duba duk wasannin shekara, daga 2018 aka taƙaita shi ga wasannin ƙasa da ƙasa, a ranar da Tommy Makinson na Ingila ya ci mutane da yawa a Ostareliya suka yi ta gunaguni don ba su lura da canjin ba. Ukun da Thurston ya ci, 2011 da 2013 da 2015, na tsohon tsari ne.

Ƙirga kofuna shi ne tarko na gaba. James Graham ya sha kashi a wasan ƙarshe na Super League sau biyar a jere da St Helens, daga 2007 zuwa 2011, ya tafi Canterbury ta NRL ya sake faɗuwa a wasan ƙarshe na 2012 da na 2014. Sau biyu ya ɗaga kofin Super League, 2006 da 2020. Duk da haka yana cikin 'yan lamba 8 da suka canza gurbin, domin shi ne ƙaton da ke zuwa har bakin layin tsaro ya miƙa ƙwallo kamar lamba 6. A ɗaya gefen kuma akwai batun Melbourne Storm. A watan Afrilu 2010 aka gano ƙungiyar ta karya ƙa'idar iyakar albashi, aka ƙwace kofunanta na 2007 da 2009, ta buga kakar 2010 ba tare da an rubuta mata maki ba. Ra'ayina shi ne kada a ƙirga wa Smith da Billy Slater da Cronk da Greg Inglis waɗannan kofuna biyu, tunda an tara musu abokan wasan da doka ba ta yarda ba. Amma a duba abin da ya biyo baya: an rage ƙungiyar, Inglis ya tafi, sai ga su sun ci 2012 da 2017, Smith ya ƙara 2020.

Ma'aunin da ya fi nauyi a wurina shi ne manyan ranaku, kuma a nan State of Origin yake shigowa, wato karawa uku a shekara tsakanin jihar Queensland da New South Wales. Babu wasan da ya kai shi zafi da sauri a duniyar wannan wasa. Queensland ta ci shekara takwas a jere, 2006 zuwa 2013, ta faɗi a 2014, ta sake cin uku. Sha ɗaya cikin sha biyu ke nan, kuma mutanen da muke magana a kansu su ne ginshiƙin. Sai dai ma'aunin yana da makanta: ɗan Ingila kamar Sam Burgess, ko Benji Marshall na New Zealand, ko Taumalolo, ba su buga shi ba a waɗannan shekaru. Su sai a duba wasannin ƙasashensu da wasannin ƙarshe. Burgess ya karye a ƙashin kunci a kamun farko na wasan ƙarshe na 2014, da ya yi gware da Graham, ya buga minti 80 a haka, South Sydney ta ci 30 da 6, kofinta na farko cikin shekara 43. Taumalolo ya bar New Zealand ya koma Tonga gab da gasar cin kofin duniya ta 2017, Tonga ta doke New Zealand 28 da 22, sannan a 2019 ta doke Ostareliya 16 da 12. Mutumin da ya ɗaga ƙasa guda daga 'yan rakiya zuwa masu ba manya tsoro, wannan ma babban aiki ne da ya kamata a auna.

Akwai gwaji ɗaya mai sauƙi da nake ba kowa shawarar ya yi: cire mutumin ka ga abin da ya rage. A wasan farko na Origin na 2014 Cronk ya karye a hannu tun da wuri. Queensland ta faɗi 12 da 8, ta sake faɗuwa 6 da 4 ba shi, ya dawo a na uku suka ci 32 da 8. Ruwa ba ya tsami banza.

Batun Ingila kuwa sai an yi adalci ta ɓangare biyu. NRL ta fi Super League kuɗi da zurfin 'yan wasa, kuma rabon Birtaniya da kofin duniya tun 1972. A 2025 ma Ostareliya ta je har Ingila ta ci wasa uku cikin uku. Saboda haka alƙaluman Super League ba a ɗaukarsu daidai wa daida da na NRL. Amma St Helens ta je gidan Penrith, zakarar NRL, a watan Fabrairu 2023 ta ci 13 da 12, Wigan ta Ingila ma ta doke Penrith 16 da 12 a 2024, kuma a wasan ƙarshe na kofin duniya na 2017 Ostareliya ta ci Ingila ne 6 da 0 kacal. James Roby, wanda ya buga wa St Helens wasa 551 a lamba 9, da an haife shi a zamanin da babu Smith, da shi za a riƙa kira. Kevin Sinfield ya ɗaga kofin Super League sau bakwai a matsayin kyaftin ɗin Leeds. Jamie Peacock ya ci wasan ƙarshe sau tara tsakanin Bradford da Leeds.

To, me ya sa Smith? Fara da juriya: wasa 430 a NRL, duk a Melbourne, daga 2002 zuwa 2020, da 42 a Origin, da 56 a rigar Ostareliya, kuma a lamba 9, a tsakiyar fili inda ake yawan karo, galibi minti 80 cur. Maki 2,786, bayan ya wuce tarihin Hazem El Masri na 2,418 a 2019. Dally M a 2006, sannan wata a 2017, shekara sha ɗaya tsakani. Ya ɗaga kofin ƙarshe yana da shekara 37. Amma ainihin dalilin ba ya cikin lissafi. Smith ba shi da gudu, ba shi da ƙirar ƙarfi. Abin da yake da shi shi ne ikon juya saurin wasa yadda ya so. In ƙungiyarsa na gaba, sai ya rage wuta, ya buga ƙwallo da ƙafar hagu zuwa kusurwa, ya sa abokan hamayya su faro daga mita 10 nasu zubi bayan zubi, wato kamu shida bayan kamu shida, har su galabaita. In ya ga mai tsaro ɗaya ya makara wajen tashi, sai ya fito taku biyu, ya jawo na kusa, ya saki ƙwallo ga ƙaton da ke tahowa daidai ramin. Masu sukarsa suna cewa Melbourne ce ta cika wasan da kokawa a ƙasa don jinkirta tashi, kuma ya cika yi wa alƙalan wasa magana. Akwai gaskiya a ciki, kuma shi ya sa ba kowa ke son sa ba. Sai dai tambayarka ta wanda ya fi iyawa ce.

Thurston ya fi shi ban sha'awa nesa ba kusa ba, kuma yana da hujjar da Smith ba shi da ita: ya ɗauki ƙungiyar da ba ta taɓa cin kofi ba, North Queensland, ya kai ta. Dally M huɗu, 2005, 2007, 2014 da 2015. Wasa 36 a jere a Origin. A wasan ƙarshe na 2015 ana bin su da maki 4 lokaci na ƙarewa, ya ƙi yarda a kayar da shi, ya miƙa wa Michael Morgan, shi kuma ya saki wa Kyle Feldt ya dangwala a kusurwa. Bugun ƙarin Thurston ya daki ƙarfe. Bayan 'yan mintuna, a ƙarin lokaci, ya buga maki ɗayan da ya ba su 17 da 16 a kan Brisbane. A Origin na biyu na 2017 ya buga bugun ƙari daga gefe da kafaɗa a lalace, suka ci 18 da 16. Abin da ya sa na ajiye shi na biyu shi ne ƙungiyarsa ta sha yin kakar da ba ta kai ko zagayen ƙarshe ba yana ciki, abin da kusan ba ya faruwa da ƙungiyar Smith.

Yanzu ga zaɓina gurbi gurbi. A lamba 1, Slater ne, kodayake James Tedesco ya matso ƙwarai da Dally M ta 2019 da ta 2025 da kuma kofin duniyar da ya jagoranta a 2022. Slater ya yi dangwale 190 a wasa 319, amma abin da ya bar wa gurbin shi ne aikin da ba a gani: tsayawa a baya yana ƙirga masu hari, yana tura masu tsaro hagu ko dama kafin a mirgina ƙwallo, da shigowa layin hari a matsayin mai miƙawa na uku. Ya yi kuskure mai tsada a wasan ƙarshe na kofin duniya na 2008, inda ya jefa ƙwallo baya ba tare da dubawa ba, Marshall ya tsince ta, New Zealand ta ci 34 da 20. Kuskure ɗaya a babban wasa ana rubuta shi, amma ba ya share shekara sha shida.

Lamba 7 ce mai wuya. Cleary ya ci kofi huɗu a jere da Penrith, 2021 zuwa 2024. A wasan ƙarshe na 2023 Brisbane na gaba 24 da 8, abokin tsarinsa Jarome Luai ya fita da rauni, sai ya buɗe wa Moses Leota hanya, ya buga bugun nan daga cikin mita 40 nasa zuwa cikin mita 20 na abokan hamayya wanda ke maido wa ƙungiya ƙwallo, ya ba Stephen Crichton, sannan ya dangwala da kansa, 26 da 24. Ban san minti 20 da suka fi waɗannan ba a wannan zamani. Amma sau uku yana buga wasan raba gardama a Origin, wato na uku bayan kowace jiha ta ci ɗaya, 2020 da 2022 da 2025, duk New South Wales ta faɗi. Cronk kuwa shi ya buga maki ɗayan da ya raba gardamar 2012 daga wajen mita 40, ya ci kofi uku a jere da ƙungiya biyu, Melbourne a 2017 da Sydney Roosters a 2018 da 2019, na 2018 ma da karyayyen allon kafaɗa ya buga, yana tsara wasa da baki. A yau Cronk nake ba rigar, Thurston ya sa lamba 6 kamar yadda suka yi wa Queensland tun 2012.

Sauran ba sa buƙatar dogon bayani. Inglis a lamba 3, da dangwale 18 a Origin. A lamba 4, Jamie Lyon, wanda ya zama gwarzon Super League a 2005 sannan ya koma Manly ya ci kofin 2008 da 2011, ko da yake Crichton, da ya dangwala a wasan ƙarshe huɗu a jere, yana dab da karɓe ta. A gefe, Brett Morris da Brian To'o, shi To'o saboda wahalar da yake ɗauke wa ƙattinsa a kamu na farko da na biyu. A gaba, Graham da Payne Haas, Smith a tsakaninsu. Burgess a lamba 11, Taumalolo a 13. Lamba 12 na ba Sonny Bill Williams da ɗan ɗari-ɗari, domin a iyawa babu kamarsa wajen sakin ƙwallo ana riƙe da shi, amma ya bar wasan a tsakiyar 2008 bai dawo ba sai 2013, don haka wanda ya fifita Boyd Cordner saboda daɗewa bai yi laifi ba. A benci, Roby, Tedesco, Isaah Yeo da Peacock.

In kana son ka gwada wannan zaɓi da idonka, guji gajerun bidiyon da ake haɗa dangwale kawai. Nemi cikakken wasa, misali wasan ƙarshe na 2017 tsakanin Melbourne da North Queensland, ka zaɓi mutum ɗaya ka bi shi minti 20 ko ƙwallo ba ta hannunsa. Ka riƙa rubuta abu uku: inda kowane zubi ya fara, inda ya ƙare, da wanda ya yanke shawarar kamu na biyar. Sannan ka maimaita daga minti na 60 zuwa na 80, lokacin da gajiya ta kama kowa, ka ga ko bugunsa da miƙawarsa suna sauka inda suke sauka a farkon wasa.